Ƙirgin Baffa Gado da Littafin Ganye

Ku samarin da ke zama a ƙofar rumfata da yamma kuna danna waya, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ran nan, wai dukanci ai yanka ne da ɗinki, har tela ya fi mu wahala tunda shi yana taka keke. Ban tanka ba, don a lokacin akwai zare a bakina. Yau babu. Kuma tunda kullum sai wani ya nuna abin nan da ke rataye a bayana ya tambaya ko kuben takobi ne ko gidan sarewa, bari in ba ku labarinsa gaba ɗaya in huta. Gidan littafi ne. Babu littafin da zai shiga cikinsa a duk faɗin Adar, kuma shi ne aiki mafi kyau da ya taɓa fita daga rumfar nan.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan ba yanka ba ne, ba kuma ɗinki ba. Baffa Gado, ƙanen mahaifina, wanda ya koya mini aikin, majema ya riƙa aikena in zaɓo fata. In kawo, ya naɗe ta, ya warware, ya kai hanci, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Ma'anar haka in mayar. Damina ta zo ta wuce ina wannan zirga-zirga, har majeman suka daina amsa sallamata, kafin wata rana ya karɓi fata ya ajiye a gefensa. Bai ce ta yi kyau ba. Daga nan aka ba ni aska da dutsen wasawa, in riƙa rage kaurin fata ta ciki har ta yi laushi ba ta huje ba. Basilla kuwa sai da gemu ya fara fito mini aka yarda na riƙe ta a kan kayan mutane. Rini ma karatu ne mai zaman kansa: ja daga karan dafi, baƙi daga kuloko, rawaya daga gangamau, kuma kowanne yana da ranar da yake ƙin kamawa ba tare da ya gaya maka dalili ba.

Abin da Baffa ya fi nanata mini shi ne fata tana da daraja hawa-hawa, kaya ma haka, kuma aikin baduku ya haɗa kowanne da daidai shi. Fatar tunkiya ta laya ce da alaben yara. Jar fatar akuya ta tadarishi ce, wato bangon da malamai ke sa littattafansu a ciki, da gafakar da ake rataya su. Ƙirgi, fatar saniya da aka jeme, shi ne na sama, ba a taɓa shi sai don abu mai nauyi ko mai girma. In babban malami ya kawo littafin da ya gada, ka sa masa fatar tunkiya, ka zage shi ke nan ko da ka yi masa ado da zinariya.

Baffa yana da wani ƙirgi da ya ajiye a saman rumfa. Na wata jar saniyar Azawak ce, babu tabon wuta, babu na kaska, babu na bulala. A gabansa aka jeme shi da bagaruwa, shi da kansa ya shafe shi da man shanu ya naɗe. Wani attajiri ya nema don kayan dokinsa, Baffa ya ce an riga an yi alkawarinsa. Na tambaye shi wa aka yi wa alkawarin, ya ce mai shi bai zo ba tukuna.

Mummunar shekararmu ta zo bayan samun mulkin kai da kaɗan. Ba fari ba ne, ba kuma ciwon dabbobi ba. Takalman roba ne suka shigo ta wajen Ƙwanni, masu sheƙi, masu araha, waɗanda ake wankewa da ruwa. Kafin mu gama mamakinsu sai ga guga na robar taya. Mutanen Kalfu da Affala da ke zuwa ran kasuwa su yi mana layi don takalmi da guga, suka koma wucewa ta gabanmu suna gaishe mu da kyau. Malamai ba su guje mu ba, amma malami sau ɗaya yake yin tadarishi a rayuwarsa, kuma in mun yi masa da kyau jikansa ma ba zai dawo ba. Mun ci tuwo babu miyar kirki a shekarar nan, ba sau ɗaya ba.

Ana cikin haka wani Anasara ya tsaya a ƙofar rumfa da littattafai a hammata. Bafaranshe ne, siriri, mai gilashi, yana koyarwa a babbar lakwal ta Tawa, wato makarantar boko. Mushe Lusiyan ake ce masa, Mushe kuwa da Faransanci kamar a ce Malam ne. Hausarsa ta wajen tsofaffi ya koya, saboda haka in ya fara gaisuwa sai ka ajiye aiki. Littattafan nasa na ɗab'i ne, bayansu ya ɓalle don yawan buɗewa. Na buɗa ɗaya na ga ba boko ba ne, ba ajami ba. Baƙaƙen suna rataye a jikin layi kamar an shanya nama a igiya. Ya ce sunan harshen Sansikirit, na malaman Indiya ne na dā, kamar yadda Larabci yake a wurinmu: ba a cinikin albasa da shi, amma duk ilimin addininsu da na tunaninsu a cikinsa yake. Mu a lokacin Indiyar da muka sani ta silima ce, inda kowa ke rawa. Ba mu san suna da lokacin karatu ba.

Ya ce ya yi shekaru a can a gaban wani tsohon malami, suna zaune a ƙasa, shi yana karantawa tsohon yana warware masa, irin dai karatun zaure na wurinmu. Aikin gwamnatinsu ne ya katse shi aka turo shi Tawa. Da rana yana koya wa yara Faransanci, in ya tashi ya koma kan nasa karatun, don yana rubuta wani babban littafi da manyan malaman ƙasarsu za su duba su ce ya isa malami ko bai isa ba.

Baffa ya tambaye shi, "Mi anka rubuta cikin littahin ga?"

Ya ce, "Baba, wanga shina bayanin yadda mutum ka sanin abin da bai gani ba. Misali, in ka hangi hayaƙi bisa dutsi, ka san akwai wuta can, ko ba ka ga wutar ba."

Baffa ya ajiye basillarsa. Sannan ya ce, "Don wanga kat tahi Indiya?"

Mushe ya yi dariya har ya cire gilashi. Ya ce abin ya fi haka zurfi, malamansu sun yi ɗaruruwan shekaru suna gardama a kan yaushe hayaƙi ke zama hujja, yaushe yake zama ƙura ko hazo. Baffa ya ce to, Allah ya ba da sa'a. Muka yi wa littattafan bango da jar fatar akuya, ya ji daɗi, ya kawo wasu. A shekarar nan, in ka cire shi, ban san abin da za mu ci ba. Gari kuma ya sa masa suna Malamin Indiya.

Aikin da nake son ba ku labarinsa ya zo da ruwan farko. Kun san yadda gara ke tashi in ƙasa ta jiƙa. Wata safiya sai ga Mushe da sauri, babu doguwar gaisuwar nan, yana rungume da wani abu dogo a cikin tsohon jan ƙyalle. Gara ta shiga akwatinsa ta ci gefen ƙyallen, ta fara cin allunan katako biyu da ke ciki. Tsakanin allunan akwai ganye, busasshe, dogo, siriri, irin na giginya, an jera shi da yawa, an huda an zura igiya. A jikin kowane ganye an karce rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. Matata da ta leƙo ta kawo mana fura ta ɗauka kayan saƙar faifai ne.

Ya ce, "Baba, wanga ba nawa na ba. Na malamina na, ya gade shi ga kakanninai, aro yab ba ni. Mun karanta mahi yawa, saura kashi na ƙarshe, kuma bayanin kashin ga ba shi cikin kowane littahi, shina cikin kan tsohon. In na maida mashi littahin lahiya, shi ƙarasa mani. In ban maida ba, karatuna ya tsaya nan."

Motar Yamai tana jiransa, an kira shi duba jarrabawar yara. Ya ce mu yi wa littafin gida wanda gara ba za ta shiga ba, da abin da muke da shi mafi kyau.

Baffa ya yi masa tambaya ɗaya: "Malamin naka babba na?"

Ya ce, "Ban ga kamatai ba."

Ya tafi. Baffa ya dube ni ya ce, "Isuhu, sauko da ƙirgin."

To ku da kuke cewa yanka ne da ɗinki, ku saurara. Ƙirgi ba ya lanƙwasuwa don ka roƙe shi. Sai da muka sassaƙa itace daidai tsawon littafin da kaurinsa, muka jiƙa fatar, muka ja ta a kan itacen muka ɗaure, ta bushe a inuwa, don in rana ta taɓa ta sai ta tsage. Baffa ya yi ɗinkin da kansa, huji kusa da huji, yana ja har zaren ya nutse cikin fata, yadda ko tururuwa ba za ta sami ƙofa ba. Aka yi shafi na ciki da fatar ɗan akuya mai laushi don kada ganyen ya karce. Murfin yana shiga da ɗan numfashi, in ka ja shi sai ka ji ya yi ƙara kaɗan. Adon kuwa bai cika shi ba, layi biyu na baƙi da ɗan rawaya a baki, don ya ce fata mai kyau ba ta son surutu. Idonsa ya riga ya fara rauni a lokacin, yakan kai aikin har kusa da hancinsa. Duk kwanakin nan littafin bai taɓa ƙasa ba. Baffa bai san abin da ke ciki ba, amma ya ce rubutu rubutu ne, kuma na malami ne. Da aka gama muka zura shi a ciki, ya zauna kamar a nan aka haife shi.

Mushe ya dawo daga Yamai bayan kwanaki, ya zo da hantsi, ya yi gaisuwarsa cikakkiya. Baffa ya miƙa masa. Ya karɓa yana murmushi, ya shafa, ya juya, sai murmushin ya tsaya. Ya ja murfin, ya ga ganyen kwance a ciki, ya kai hanci.

Ya ce, "Baba, hwatar mi ta?"

Baffa ya gyara zama ya ce, "Saniya. Ta Azawak. Babu irinta garin ga."

Sai Anasaran nan ya zauna a ƙasa, da farin wandonsa, daidai inda muke zubar da ruwan rini.

Da ya sami bakin magana ya yi mana bayani. Mutanen littafin nan saniya uwa ce a wurinsu. Ba su yanka ta, ba su cin namanta, fatarta kuwa ƙazanta ce babba. Tsohon malaminsa ko takalmin fata ba ya bari a shiga da shi ɗakin da littattafai suke. Kuma su ba su raba littafin ibada da na ilimi, duka abin girmamawa ne, har rana suke da ita a shekara da suke jera su su yi musu addu'a. Littattafan ɗab'in da muka yi wa bango nasa ne, shi ya saya, babu ruwan kowa. Wannan kuwa na tsohon ne, kuma ya kwana cikin saniya ya tashi cikin saniya.

Baffa ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Kai kana cin nama?"

"Can ban ci ba."

"Nan hwa?"

"Nan ina ci."

Baffa ya ce, "To."

Mushe ya ce laifinsa ne, shi ya san haka, sauri ya sa bai faɗa ba, a ransa akwatin katako ko na ƙarfe yake nufi. Baffa ya ce wanda ya zo wurin baduku ya ce a ba shi mafi kyau, ba katako za a ba shi ba. Daga nan babu wanda ya sake tada zancen laifi. Mushe ya zaro littafin, ya riƙe shi a hannu, ya sake sunsunawa. Warin bagaruwa da man jima ya kama ganyen sarai. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko akwai yadda za a fitar da warin. Indiya da nisa, in ji shi. In babu wari, babu wanda zai sani.

Baffa ya ce, "Ba shi hita."

"Ko da turare?"

"Ko da mi. Malaminka kau, tunda shi ak koya maka zancen hayaƙi da wuta, in ya ji bagaruwa ya san akwai hwata."

Mushe ya naɗe littafin a tsohon ƙyallensa ya tafi, ya bar gidan fatar a kan tabarma.

Ni kuwa na san wani abu. Ba a daɗe ba kafin nan matar kumandan, babban jami'in gwamnati na garin, ta dawo mana da tumtum biyu, matasan nan na fata, ta ce warinsu na hana ta barci, Baffa ya binne su cikin busasshen yashi da gawayi, ya shanya a inuwa, cikin 'yan kwanaki suka koma ba su da wari ko kaɗan. Da Mushe ya yi nisa na ce, "Baffa, tumtum ɗin Madam hwa?"

Ya ce, "Wancan na zama na." Ya ɗauki basillarsa. Na gane ba zai taya Mushe ɓoye wa malaminsa gaskiya ba.

Mushe ya rubuta wa tsohon ya gaya masa komai. Wasiƙa a lokacin sai ta je Yamai, ta je Faransa, kafin ta nemi hanyar Indiya, amsa kuma ta biyo sawunta. Damina ta ƙare, aka yi girbi, shiru. Ya rataye littafin da igiya a tsakiyar ɗakinsa, nesa da bango, kamar yadda ake rataye nama don kyanwa. Ya daina cin nama ba wanda ya sa shi, har mahauta suka zo suna tambayarmu ko mun yi masa wani abu. Ya ƙara ramewa, shi da dā ma ba jiki ba. Yana zuwa rumfa ya zauna, amma bai sake kawo aiki ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ya taɓa ce mini tsohon ya haura tamanin, kuma in ya ƙi karɓar littafin babu wani mai rai da zai ƙarasa masa. Na ji tausayinsa ƙwarai, sai dai ba ni da abin ba shi sai ruwan randa.

Amsar ta zo cikin sanyi. Ya kawo ta rumfa ya fassara mana. Tsohon bai yi faɗa ba, bai kuma ce ya yafe ba. Umarni ya jero. A yi wa littafin sababbin alluna da sabon ƙyalle, waɗanda fata ba ta taɓa ba, mai aikin fata ma bai taɓa ba. A tsarkake shi da abu biyar na saniya mai rai: madara, nono, mai, kashi da fitsari. Mushe ya ci gaba da barin nama, kuma ya kawo littafin da hannunsa, sannan a gani. A ƙarshe ya yi tambaya: ƙasar nan da kake, babu itacen nan mai ɗaci da muke sa ganyensa cikin littattafai don gara? Mushe ya kwatanta mana itacen. Dogon yaro ne. Akwai guda biyu a ƙofar gidansa, a inuwarsu yake ajiye kekensa.

Baffa ya ce, "Saniya ta ɓata, saniya ta gyara. Mutanen ga sun san darajar dabba." Sannan ya ce tunda a rumfarsa aka karɓi aikin nan, a rumfarsa za a ƙarasa shi, ko da ba zai taɓa ba.

Kafin mu sa hannu sai da na je wurin limamin unguwarmu. Ya ce a mazhabarmu kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, in ɗebo babu laifi, amma in an zo addu'arsu in tsaya waje. Na hau jaki na nufi wajen Affala, wurin wani Bafillace mai suna Umaru da muke sayen fata a hannunsa. Na wanke ƙore sababbi, na bar takalmina a gida. Madara da nono da mai ba su ba ni wahala ba, kashi kuwa ko'ina ne. Fitsarin ne aiki. Saniya ba ta yi don kana sauri. Na bi wata jar saniya da ƙwarya tun hantsi har rana ta take, duk rugar sun bar abin da suke yi sun zauna suna kallona.

Umaru ya ce, "Magani na?"

Na ce, "Na littahi na."

Ya ce, "Littahin ba shi da lahiya?"

Na ce kusan haka. Ya ce Allah ya ba shi sauƙi, kuma bai yi dariya ba sai da na juya baya.

Allunan wani masassaƙi na Kalfu ya yi su da itacen ƙirya, wanda gara ke jin tsoron haƙoranta a kansa. Ƙyallen fari ne saƙar hannu, daga masaƙa kai tsaye. Don ɗinkinsa aka kira Tela Sani. Sai da aka sa shi ya cire takalmi, ya cire layun da ke damtsensa, ya cire ɗamarar wando ta fata ya ɗaura igiya. Ya jawo kekensa zai fara, Baffa ya ce a'a. Igiyar da ke juya keken ta fata ce, kuma Baffa ne ya yanka masa ita da hannunsa. Dole Sani ya koma allura da zare, abin da ya rabu da shi tun yana yaro. Baffa ya tsaya a kansa, hannuwa a baya, yana cewa matsa kusa, ja zaren, warware wannan ka sake. Mutumin da ya shekara hamsin yana ɗinki, ga aiki a gabansa, ba shi da ikon taɓawa. Na ga yatsunsa suna motsi a bayansa su kaɗai. Sani ya rantse daga ranar ba zai ƙara karɓar aikin da baduku ke tsaye a kansa ba.

Ranar tsarkakewar muka kai ƙoren har ƙofar gidan Mushe muka tsaya waje ƙarƙashin dogon yaron. Muna jin muryarsa daga ciki tana hawa tana sauka, irin ta mai tilawa. Ya ce ɗan yayyafi kawai ya yi a kan allunan da kewayen littafin, ba jiƙa shi ya yi ba. Ya fito ya tsinki ganyen dogon yaro a saman kanmu ya koma. Da aka rufe lakwal ya ɗauki littafinsa a ƙirji ya hau mota. Gidan fatar kuwa ya ce mu riƙe, ba zai iya tafiya da shi ba. Baffa bai sayar ba, ko da yake wani mai algaita ya taya.

Muka ci gaba da sana'a. Roba ba ta tafi ba, amma mutane suka gane takalminta na ƙona ƙafa da rana, wasu suka dawo. Muka koyi yin jakunkuna da tumtum don ma'aikatan da ake turowa Tawa daga ko'ina. Idon Baffa ya ƙarasa tafiya. Yana zuwa rumfa duk da haka, ya zauna, in na gama aiki in miƙa masa ya shafa, ya miƙo mini ba magana in bai yi ba. Labarin Mushe kuwa shiru. Ni na ɗauka tsohon ya kore shi, kunya ta hana shi waiwayarmu.

Damina biyu ko uku bayan nan, wata ranar kasuwa, sai muka ji doguwar gaisuwar nan a ƙofa. Baffa ya gane shi tun kafin ya kai ga tambayar gajiya. Wani aiki ya kawo shi Yamai, ya roƙi hanya ya hauro Tawa. Ya zauna ya ba mu labari. Da ya isa Indiya, ya ajiye littafin a gaban tsohon. Tsohon bai amsa gaisuwarsa ba, ya kwance ƙyallen, ya kai ganyen hanci, ya daɗe. Sannan ya tambaye shi me ya sa mutanen nan suka zaɓi saniya, duk dabbobin duniya. Mushe ya gaya masa cewa a wurinsu ita ce ake ba littafin babban malami, kuma mai aikin ya yi shekaru yana ajiyar wannan fatar, ya hana attajirai. Tsohon ya naɗe littafin ya ajiye a gefensa. Da Mushe zai baro ƙasar tsohon ya ba shi saƙo, ya ce a kai wa mutumin da ya yi wa littafinsa gida.

Mushe ya ɗora saƙon a cinyar Baffa. Mayafi ne na auduga, fari, mai jan baki, irin wanda suke yafa wa malami in za su girmama shi. Baffa ya bi shi da yatsa har ya kai ga kalmasar bakin, ya tsaya a nan.

Ya ce, "Telansu bai kai Sani ba."

Sannan ya ce in miƙo masa gidan littafin. Ya naɗe mayafin a tsanake, siriri, ya zura shi ciki, ya shiga daidai.

Ya ce, "Gara ta yi yawa garin ga. Wanga kau, Mushe, ba sai ka rubuta mashi ba."

Mushe ya cire gilashinsa ya ce, "Babu wanda za a rubuta ma, Baba. Ya rasu."

Baffa ya riƙe murfin a hannu bai rufe ba. Hayaniyar kasuwa na ta yi a waje. Can ya ce, "Kun dai kai ƙarshen littahin?"

"Mun kai. Har ganye na ƙarshe. Bayan nan da kaɗan yak kwanta."

Baffa ya ce, "To, madalla." Ya tura murfin har ya yi ɗan ƙaran nan nasa, ya ɗaure igiyar, ya miƙo mini ya ce in rataye shi sama, inda ba a jingina.

Nan yake tun ranar. Mayafin na ciki, gara ba ta taɓa shi ba. Wanda ke son ya ga ɗinkin a cikinku ya ajiye wayar, ya je ya wanke hannu tukuna.